Badon Saura Kaɗan

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askinsa ya san inda sunan ya samo asali. Za ka shiga ka ce, "A ɗan rage mini gefe kawai, sauri nake yi." Zai ɗaura maka ƙyalle a wuya ya ce, "An gama." Sai ya rage dama. Ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ga hagu ta fi tsawo. Ya rage hagu. Yanzu kuma dama ce ta yi rinjaye. Ka yunƙura za ka tashi, ya danne maka kafaɗa da yatsa biyu: "Saura kaɗan." Haka za a yi ta yi har ka ji iska na kaɗa maka ƙeya. Akwai wani direban bas da ya shiga da suma kamar ta zaki, da ya fito matarsa ta wuce shi a bakin titi ba ta gane shi ba. Shekara talatin da huɗu ana haka, sunansa na gaskiya ya ɓace ɓat. Ko 'ya'yansa, in aka tambaye su gidan wa suke, cewa suke gidan Saura Kaɗan.

Mutum ne siriri, gajere, kansa tas kamar ƙwai, don shi ma bai tsira daga hannun kansa ba. Shayi a tsaye yake sha. In yana magana da kai idonsa ba ya kan fuskarka, yana kan silin gashin da ya leƙo daga kunnenka. Ko babu kowa a kujera, almakashin nan na hannunsa yana ƙyas-ƙyas a iska kamar mai yi wa aljanu gyaran fuska. Tafiyarsa kuwa, kullum sai ka ce an aiko masa gidansa ya kama da wuta.

Ranar da jiri ya kwashe shi, rabin kan wani malamin makaranta ya aske. Aka ɗauke shi sai asibiti, malamin ya bi su a baya da ƙyalle a wuya. Likita ya auna jininsa, ya cire tabarau ya goge, ya sake aunawa.

"Baba, jinin nan naka ya fi ka sauri. Tsayuwar yini ta ƙare. Ka nemi abin da zai zaunar da kai wuri ɗaya."

"Likita, ai zaman ma ciwo ne."

"To ka zaɓi wanda kake so cikin biyun."

Ya bar wa ƙaninsa shagon, ya koma gida da ledar magani da almakashinsa a aljihu.

Gidan ciki da falo ne a hawa na uku. Yara duk sun watse, saura shi da matarsa, tela, wadda kowa a benen ke kira Maman Auta. Cikin sati ɗaya da zamansa ya daidaita bakin tsintsiyarta har ta koma burushi. Ya aske gezar labule. Ya rage wa kyanwar maƙwabta gashin baki, baiwar Allah ta kwana biyu tana karo da ƙafar kujera. In ya gama sai ya sauka ƙasa, ya zagaya layin, ya tsaya a ƙofar shagonsa. Ƙanin ya taso da ladabi ya jawo masa kujera, "Zauna mana, Yaya," kamar yadda ake yi wa baƙo. Wannan kujerar ta fi jirin yi masa ciwo. Ya juyo gida, ya haye bene, ya sake saukowa.

Da ya koma asibiti ganin likita ne ya haɗu da abin. A ɗakin jira akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa, 'yan kifaye na kai da kawowa a ciki. Kifayen ba su burge shi ba, ya ce halinsu ɗaya da shi. Abin da ya tsayar da shi wata shuka ce a tsakiya, ganyenta ja-ja mai ɗigo-ɗigo, tana rangaji a hankali kamar ba ta da wata damuwa a duniya. Mutumin da ke wanke akwatin, mai sayar da kifin ado, ya ga ya ƙura ido.

"Bado ne, Baba. Irin na tafki, amma ƙarami. In an san kansa, har fure yana yi a ɗaki."

"A ɗaki?"

"A ɗaki."

Har aka kira sunansa sau biyu bai ji ba.

Washegari da sassafe yana shagon mai kifi. Aka miƙo masa wani abu baƙi kamar ruɓaɓɓen dankali, aka ce shi ne tushen.

"Kar ka binne shi duka," in ji mai kifi. "Rabi a yashi, rabi a waje. Yana son haske sosai. Ruwan famfo ka bar shi ya kwana kafin ka zuba. Sannan babban abin, in ganye ya fara..."

"Na gane, na gane," in ji Saura Kaɗan daga bakin ƙofa. Bai taɓa jin ƙarshen maganar kowa ba a rayuwarsa, ba kuma ranar zai fara ba.

To, a gidan nan taga ɗaya ce tak rana ke shigowa ta cikinta. Sauran duk bangon benen maƙwabta suke kallo. A gindin wannan tagar keken ɗinkin Maman Auta ya shekara ashirin, har ƙafafunsa sun yi gurbi a siminti. Tana cikin ɗinki ta ga ƙarti biyu sun shigo da nishi, ɗauke da akwatin gilashi mai tsawon hannu biyu.

"Ina za a kai wannan akwatin gawar?"

"Nan, gindin taga."

"Nan ɗin da mai shi."

"Aro za ki ba ni, Maman Auta. Likita ne ya ce."

"Likita ya ce ka ture mini keke?"

"Ya ce in zauna. Kin taɓa ganin na zauna? Jiya minti ashirin na yi a gaban irin wannan, ko ƙafa ban ɗaga ba."

Ta yi masa kallon sama da ƙasa. "Tantabarun da ka tara a rufin bene suna ina? Zomaye fa? Jitar da ka sayo ka tsinke mata tsirkiya a kwana uku?"

"Wannan daban ne. Fure zai yi. A ɗaki, a hawa na uku."

Ta dubi guntuwar tsintsiyarta a kusurwa, ta dubi labule. Ta yi ajiyar zuciya.

"To ji nan, Baban Auta. Saura wata huɗu a kawo mini yadin kayan 'yan makaranta. Riga ɗari biyu ce, ba na ɗinka ta a duhu. Ranar da yadin ya shigo ƙofar nan, in ban ga fure da idona ba, akwatin nan ya sauka, da shi da ruwansa da ciyawarsa. Kuma kar ka ce mini saura kaɗan."

"Na yarda."

Aka ja keke zuwa lungu, bayan ƙofa, inda ko da rana tsaka sai ta ɗaga allura sama tana laluben kafarta.

Sati biyun farko tushen ya yi shiru abinsa. Sau uku Saura Kaɗan yana tono shi ya duba ko yana da rai, ya shinshina, ya mayar. Daga baya ganye ya ɓullo, ɗaya, biyu, biyar, jajaye masu ɗigo, suka yi wa tushen zobe. Mutumin nan har rawa ya taka a falo. Ya jawo kujera gaban akwatin ya zauna, ko da yake zama ne irin nasa, ɗuwawu ɗaya a kujera, ƙafa tana kaɗawa.

Wata safiya ya tashi ya tarar wani sili ya zarce 'yan'uwansa da kamu guda, ya miƙe zar yana neman saman ruwa, da ɗan ganye a naɗe a kansa. Saura Kaɗan ya ja da baya. Ya kanne ido ɗaya. Bai ma yi shawara da zuciyarsa ba, hannu ne ya yi aikinsa. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma almakashi, ƙyas.

"Ba a yi haka da ni ba," ya ce wa silin. "Kowa ya tsaya a layi."

Daga ranar ya samu sana'a. Kowace safiya akwai wanda ya yi tsaurin ido ya ɗago kai, kowace safiya akwai ƙyas. Kuma a faɗi gaskiya, badon ya yi kyau. Ya cika, ya yi dunƙule, zagaye kamar sumar ɗan gayu, babu ganye ɗaya da ya fi wani. Ko a shagon mai kifi babu mai tsarinsa. Fure ne dai babu, ko alamarsa.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya kama. Hankalin Saura Kaɗan ya fara tashi. Ya sayo fitila doguwa ya rataya a saman akwatin. Ya sayo ƙwayoyin taki ya cusa a yashi. Ya matsar da tushen dama, ya ga bai yi ba, ya mayar da shi hagu. Gansakuka ta kama gilashi, ya kankare ta da reza. Ya ce ruwan ne ya tsufa, ya shiga canza shi duk bayan kwana biyu. Da yake famfon hawa na uku sai ya ga dama yake kawowa, daga ƙasa yake ɗaukowa, bokiti-bokiti, mutumin da aka ce ya huta. Sau biyu yana komawa wurin mai kifi neman shawara, kuma duk biyun shi ya yi maganar tun daga sallama har ban kwana. Batun askin bai ma ambata ba. A wurinsa wannan ba labari ba ne, kamar mutum ya ce ya wanke fuska da safe.

Famfon ƙasan kuwa a ƙofar mai wanki da guga yake, mutumin da ba ya ganin abin tsokana ya ƙyale.

"Saura Kaɗan! Yau ma za a kai wa maigida ruwa?"

"Yi gugarka."

"Ina yi. Rigata ta fita kunya ma na goge tun watan jiya, ina jiran ranar fure. Ko dai kabeji aka sayar maka? In ya nuna a sammana."

"Za ka gani da idonka."

"Yaushe?"

Baki ya buɗe zai ba da amsar da ya saba, ya tuna, ya haɗiye ta. Mai guga ya yi dariya har ya kusa ƙona wandon mutane.

Abin da mai guga bai sani ba shi ne, ba dariyarsa ce ke hana Saura Kaɗan sukuni ba. Akwatin nan shi ne kaɗai abin da ke jiransa in gari ya waye. In aka saukar da shi, sai komawa hawa da sauka, da tsayuwa a ƙofar shago a jawo masa kujerar baƙi.

Ana nan sai babur ya ka da ƙanin nasa, hannu ya karye. Kafin a gama ɗaure hannun, Saura Kaɗan ya riga ya buɗe shagon. Maman Auta ta tuna masa maganar likita, ya ce ai ya sayi doguwar kujera, a zaune zai yi aski. Kujerar tana nan har yau, tawul ake ratayawa a kanta. Sati huɗu cur yana fita kafin rana ta fito, ya dawo bayan ta faɗi, ƙafafu a kumbure, almakashi kuma a shago yake kwana. In ya shigo sai dai ya harari akwatin ya ce, "Ku ci zamaninku, ina nan zuwa kanku." Maman Auta ce ke ƙara ruwa in ya ragu, tana yi tana mita.

Bado ya samu sake. Sili bayan sili suka haye, suka shimfiɗa ganye faffaɗa a saman ruwa, kore shar, wani kan wani, har suka rufe fuskar akwatin. Can ƙasa ya yi duhu, igiyoyi sun sarƙe kamar kan da ya shekara bai ga mataji ba.

Ranar da aka kwance wa ƙanin ɗauri, Saura Kaɗan ya dawo gida da almakashinsa tun da hantsi. Ya tsaya gaban akwatin ya riƙe baki.

"Kai! Wannan ai kan mahaukaci ne."

Ya jawo roba ya ajiye. Ya yi awa biyu yana aiki, yana 'yar waƙarsa ta hanci. Bai bar sili ɗaya da ya wuce sa'a ba. Da ya gama, badon ya koma ɗan gayunsa, haske ya ratsa ruwan har yashi. Ya bar robar cike da ganye a tsakar ɗaki, Maman Auta ta kwashe ta kai shara.

Bayan kwana uku almakashin ya fara cijewa, ya je lungun keke neman ɗan man da take ɗiga wa injinta. Ya janye wani ƙyalle, sai ga kofin shayi a ɓoye, da ruwa a ciki. A cikin ruwan wani kara ne tsaye, ya fi silin ganye kauri, a kansa wani ƙulli kore mai tsini kamar ƙaramin ƙwai. Bakin ƙullin ya ɗan tsage, fari na leƙowa. Ya fara yaushi, wuyansa ya langwaɓe. Ƙasan karan kuwa an yanke shi a karkace, yanka mai tsabta, irin wanda mutum ɗaya ne a layin ke iya yi.

"Maman Auta! Mene ne wannan?"

Ta fito daga ciki, ta ga abin da ke hannunsa, ta tsaya.

"Furenka ne."

"A ina kika samo shi?"

"A shararka. Tsakiyar ganyen da ka aske."

Ya dubi ƙullin, ya dubi almakashin. Ya zauna daɓas a kan kujerar kekenta, zama na gaske, da ɗuwawu biyu.

"Kwana uku kina ɓoye da shi?"

"Kwana uku."

"Ba ki gaya mini ba."

"In gaya maka don me? Tagata nake so." Ta miƙo masa yatsunta, duk sun yi huda-huda. "Duba nan. Wata uku ina soke kaina a lungun nan kamar ɓera. Na ce in na yi shiru za ka ci gaba da askinka har yadi ya iso, kowa ya huta."

"To me ya hana ki zubar da shi?"

Ta karɓe kofin daga hannunsa. "Na ce ko zai buɗe ne in ga kalarsa. Bai buɗe ba. Tashi mini daga kujera."

Bai tsaya neman hula ba, sai shagon mai kifi. Ya ajiye ƙullin a kan tebur, ya haɗe hannuwa a baya, ya rufe bakinsa ruf. Mai kifi ya jira a katse shi, ya ji shiru, har ya ɗan tsorata.

"Baba, tun ranar farko nake son gaya maka, ba ka taɓa bari na kai aya ba. In ganye ya fara neman saman ruwa, ƙyale shi ake yi. Sai ya kwanta a sama ya sha rana da iska kafin ya yi tunanin fure. In kana yanke shi, kyau zai yi ta yi maka a ƙasa har ka gaji."

"Zai sake yin wani?"

"Tushen yana da ƙarfi. Wata ɗaya, ko fi. Amma fa kar ka taɓa shi. Kar ka tono shi, kar ka matsar da shi, ruwan ma sau ɗaya a sati ya isa, shi ma kaɗan."

"To ni me zan riƙa yi?"

"Kallo."

Wata ɗaya da 'yan kwanaki ya rage yadi ya iso.

A tarihin benen nan ba a taɓa ganin wahala irin wadda bawan Allah nan ya sha a wannan watan ba. Kwana biyar da askin, sili na farko ya ɗago, a karkace ma, kamar da gayya. Saura Kaɗan ya zauna a kan hannayensa. Ya tashi ya leƙa taga. Ya sauka ƙasa, ya ƙirga matakala, arba'in da biyu, ya hayo ya sake ƙirgawa ko ta canza. Ya wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Ya aske kansa da babu komai a kai. Sili na biyu ya bi na farko, na uku ya naɗe su duka biyun. Ya juya wa akwatin baya, sai ya ga hoton akwatin a madubin bango. Ya kife madubin.

Wata rana Maman Auta ta fito ta tarar da shi hannu tsundum a ruwa, almakashi a buɗe, wani sili a tsakanin bakinsa. Ganyen ya ɗan yi rawaya a gefe. 

"Wannan ɗin ya lalace ne," ya ce, bai juyo ba. "Shi kaɗai."

"Ni ban ce komai ba. Yanke mana. Tagata na jira."

Ya daɗe a haka. Sannan ya zaro hannun, ya goge almakashin a rigarsa, ya fice. Mai guga ya ce ranar sau tara ya gan shi yana zagaya layin.

Ganye ya sake rufe saman ruwa. A sati na huɗu, can a gindin tushen, tsakanin igiyoyin, wani ɗan ƙulli ya leƙo, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Saura Kaɗan ya manna tef ɗin awon matarsa a jikin gilashi. Da safe ya auna, da hantsi ya auna, kafin ya kurɓi shayi ya auna. Ƙullin na hawa, amma a nasa lokacin, ba ruwansa da jinin kowa.

Yadi ya iso kwana biyar kafin ranar da aka sa. Tun daga sama ya ji tsayuwar mota, ya ji muryar mai guga na cewa, "Hawa na uku, ku bi a hankali." Bandir shida, shuɗi da fari, aka jibge a falo har babu wurin taka ƙafa. Ƙullin kuwa saura yatsa huɗu ya taɓa saman ruwa, a rufe gam.

Maman Auta ta fito daga lungunta. Ta tsaya tana shafa yadin.

Akwati irin wannan ba ya ɗaukuwa da ruwa. Sai an zuƙe shi, an tumɓuke shukar, kuma karan fure ba ya jure wannan. Saura Kaɗan ya san haka. Ya buɗe baki, kalmomin nan biyu suka zo har kan harshensa, ga shi kuma yau gaskiya ne. Ya tuna an ce kar ya faɗa. Ya shiga ciki ya ɗauko tiyo da bokiti.

Mai guga ya leƙo daga ƙofa da ƙartin da suka kawo yadi. "In saukarwa za a yi, ga hannu ya samu. Kabejin dai nawa ne, na riga kowa."

Ba wanda ya yi dariya. Saura Kaɗan ya tsoma tiyo, ya zuƙa da baki, ya tofar. Ruwa ya fara tsiyaya a bokiti. Ganyen da ke sama suka fara sauka a hankali, suna manne wa gilashi. Bai kalle su ba, bango yake kallo, ƙafarsa ko motsi ba ta yi.

Sai tsiyayar ta tsaya. Ya duba ƙasa, ya ga ƙafar Maman Auta a kan tiyon.

"Miƙo almakashin."

"Na'am?"

"Almakashin da ke aljihunka. Miƙo."

"Maman Auta, shekararsa talatin da huɗu a..."

"Ko shi ko akwatin. Ɗaya zai bar hannunka yau."

Ya zaro shi. Ya juya shi sau biyu, ya shafa inda yatsansa ya cinye ƙarfen. Ya miƙa. Ta jefa shi a aljihun keke, ta murɗa makulli, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

"Mayar da ruwan. Sannan ka kwance fitilar nan taka ka ɗaura mini a kan keke, shi badon ya sha rana, ta ishe shi. Kai kuma," ta juya ga mai guga, "kallon ya isa, a ja mana ƙofa."

Ba ta bar hannun nasa haka ba, ta san abin da zai biyo baya. Ta ba shi ɗan tsinken almakashinta na yanke zare, wanda bai fi yatsa ba. Duk rigar da ta sauko daga keke sai ta wurga masa, ya bi ta ɗinki-ɗinki yana tsinke zaren da ya yi saura. Ya zauna a ƙasa, riguna a cinya, ido ɗaya a kan zare, ɗaya a kan tef ɗin gilashi. A rana ta biyu ta kama shi yana daidaita bakin wata kwala, ta buge masa hannu da sandan awo.

Rana ta huɗu ƙullin ya huda ruwa, ya tsaya a sama da ganyen. Ta biyar bai yi komai ba, kamar yana jan rai. Ta shida, rana na shigowa taga, Saura Kaɗan ya ɗago daga rigar da ke hannunsa ya ga bakin ya rabu. Bai kira kowa ba. Jin ƙyas-ƙyas ya tsaya ne ya sa Maman Auta ta ɗaga ƙafa daga keke.

Fari ne, bakin kowane ɓawo da ɗan shuɗi-shuɗi, tsakiyar rawaya kamar gwaiduwa. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Wani ƙamshi siriri ya ratsa warin sabon yadi.

"Duk wannan wahalar," in ji Maman Auta, "a kan ɗan wannan?" Amma ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

Kafin hantsi rabin benen ya hayo. Mai guga ya zo cikin rigarsa ta fita kunya, karin guga kamar wuƙa, ya sunkuya ya shinshina, ya ce shi dai bai taɓa ganin kabeji mai turare ba. Saura Kaɗan kuwa furen yake kallo. Yana zaune, hannuwa a gwiwa. Maman Auta ta rantse ta duba agogo, minti arba'in ya yi bai motsa ba.

A na arba'in da ɗaya ya ɗan ja da baya. Ya kanne ido ɗaya.

"Kin ga wancan ɓawon na hagu? Kamar ya ɗan fi..."

Hannu ya tafi aljihu, ya tarar da wayam.

"Kul," in ji Maman Auta.

Kwana uku furen ya yi yana buɗewa da safe yana rufewa da yamma, a na huɗu ya sunkuyar da kai ya koma cikin ruwa. Riga ɗari biyu a lungu aka gama su, a ƙarƙashin fitilar bado. Daga baya an ɗan tura akwatin gefe, keke ya samu kusurwar taga, inda rana ke taɓa allura na awa biyu. Maman Auta na gaya wa duk wanda ya kawo ɗinki cewa an ƙwace mata wuri da rana tsaka, amma ita ce ta fara hango ƙulli na biyu. Makullin yana nan a bakin zanenta. Tsintsiya kuwa ta sayi sabuwa, tana ajiye ta a gidan maƙwabta.